Laftop ta ƙi shiga intanet ta WiFi: yadda ake bin matsalar daki-daki har a kamo ta

Abin da ya fi min ciwo a harkar nan shi ne mutum ya ga laftop ɗinsa ta ƙi hawa WiFi, kafin ma a gane me ke faruwa sai wani ya ce masa ai sai an goge Windows an saka sabuwa, a haka ya rasa hotuna ya rasa aikin da ya yi wata da watanni yana tarawa, alhali wani lokacin maɓalli ɗaya ne ya danna bai sani ba. Garin gyaran gira a rasa ido kenan. Don Allah kar ka yi wannan saurin, ka zauna ka fara gano a ina ciwon yake tukunna, domin kalmar "ba ta shiga intanet" ɗin nan cuta uku ce daban-daban ake kira da suna ɗaya, kuma kowacce maganinta daban.

Ta farko ita ce laftop ba ta ganin WiFi kwata-kwata, ko dai babu sunan ko ɗaya a jerin ko kuma alamar WiFi ɗin ma ta ɓace. Ta biyu tana ganin sunan amma in ka danna sai ta ce "Can't connect to this network". Ta uku kuma ta haɗu lafiya lau, an rubuta "Connected" amma a ƙasa an ce "No internet", ko ka ga hoton ƙwallon duniya a kusurwar dama ta ƙasa kusa da agogo. Ka duba da kyau ka san wacce ce taka, ka riƙe ta a ranka.

Gwajin da ya kamata ka fara yi kafin ka taɓa komai

Wannan gwajin minti biyu ne amma shi ne yake raba gardama, ni a wajena ya fi duk sauran matakan muhimmanci. Ɗauki wayarka, ka kashe datar layinka gaba ɗaya, ka haɗa ta da wannan WiFi ɗin da laftop ta ƙi hawa, ka buɗe wani shafi. Kashe datar nan fa dole ne, saboda waya tana da wayo, in ta ga WiFi ba ya ja sai ta koma kan data a ɓoye, kai kuma ka ɗauka WiFi ɗin lafiyarsa ƙalau. Bayan nan sai ka juya gwajin: ka kunna data, ka buɗe hotsifot na wayar, ka haɗa laftop ɗin da shi.

Toh yanzu ka samu amsa. In wayar ma ta kasa buɗe komai a kan WiFi ɗin, laftop kuma ta hau hotsifot ta yi aiki, to ka ƙyale laftop ɗin nan ba ta da laifi, matsalar rauta ce, wato na'urar da ke watsa WiFi ɗin, ko kamfanin da ke ba ka intanet. In waya tana aiki a WiFi amma laftop ta ƙi ko'ina har hotsifot ɗin, ciwon a jikin laftop yake. In kuma waya tana aiki a WiFi, laftop tana aiki a hotsifot, amma laftop da rauta ne kawai ba sa jituwa, to tsakaninsu ne akwai saɓani, yawanci kalmar sirri ce ko irin tsaron da aka saka ko zangon da rautar ke watsawa, zan zo kansu.

In laifin rauta ne

Zare wayar wutarta daga soket, ka bar ta kamar daƙiƙa 30, ka mayar. In kana da modem, wato akwatin da intanet ke fara shigowa ta cikinsa daga kamfani, daban da rauta, ka kashe su duka, ka fara kunna modem ɗin ka jira fitilunsa su tsaya sannan ka kunna rautar, kuma ka ba ta minti biyu zuwa uku kafin ka yanke hukunci don ba ta tashi nan take. Sai ka kalli fitilar da aka rubuta Internet ko WAN a jikinta, in ja ce ko a mace take, to ita kanta rautar ba ta samun intanet daga waje, ka duba igiyar da ta shigo mata ta baya ko ta yi sako-sako, in mai sim ce ka duba ko data ta ƙare ko wa'adin biya ya wuce. In duk wannan daidai ne sai ka kira kamfanin, babu abin da za ka yi a laftop da zai gyara wannan.

Gargaɗi ɗaya: akwai wani ɗan ƙaramin rami a bayan rauta da aka rubuta Reset, wanda ake tsokana da allura. Kar ka taɓa shi don kawai an ce ka gwada. Yana goge duk saitin da ke ciki ne, suna da kalmar sirri har da bayanan da kamfani ya saka don ta iya shiga intanet, in ba ka da su a rubuce ka ƙara wa kanka aiki.

In laifin laftop ne, fara da masu sauƙi

Ka yi Restart, ba Shut down ba. Na san za ka ce ai duk ɗaya ne, wallahi ba ɗaya ba ne. Tun daga Windows 8 akwai wani tsari da ake kira Fast Startup, wanda in ka danna Shut down kwamfutar ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana ajiye halin da direbobi, wato ƙananan manhajojin da ke sa sassan kwamfuta aiki, suke ciki ne a faifai don ta tashi da sauri, to kaga in direban WiFi ya rikice, da rikicewarsa za ta ajiye shi kuma da ita za ta dawo da shi. Restart ne yake tayar da komai daga tushe. Mutane da yawa za su rantse maka sun kashe sun kunna sau biyar, kuma gaskiya suka faɗa, amma duk biyar ɗin ba su yi abin da ake nema ba.

Daga nan sai yanayin jirgin sama. Danna maɓallin Windows tare da A, ka duba Airplane mode ko a kunne yake, ka kashe shi, ka tabbata akwatin WiFi ɗin yana da launi. Sannan ka kalli layin maɓallan sama na F1 zuwa F12, za ka ga ɗaya da hoton eriya ko jirgi, wurinsa ya bambanta daga kamfani zuwa kamfani, ka danna shi tare da Fn. Tsofaffin laftop kuma wasu suna da ɗan makunni na zahiri a gefe ko a gaba wanda jaka kawai tana iya ture shi, ka shafa gefen da hannu ka gani.

Cuta ta farko: ba ta ganin WiFi

Danna Windows da R, wani ɗan akwati zai fito, ka rubuta ncpa.cpl ka danna Enter. Za ka ga katunan sadarwar da ke cikin kwamfutar. In ka ga Wi-Fi ya yi toka-toka an rubuta Disabled, danna shi da maɓallin dama na linzami ka zaɓi Enable, shikenan an gama. In babu shi sam a wurin, to sai mu shiga ciki.

Sake danna Windows da R ka rubuta devmgmt.msc, wannan shi ne Device Manager. Buɗe Network adapters ka nemi wanda sunansa ke ɗauke da Wireless ko Wi-Fi ko 802.11, yawanci na Intel ne ko Realtek ko Qualcomm ko MediaTek ko Broadcom. Abu uku za ka iya tararwa. In akwai 'yar kibiya mai kallon ƙasa a jikinsa, an kashe shi ne, ka yi Enable device. In akwai alamar motsin rai a cikin alwatika mai ruwan ɗorawa, direban ne ya samu matsala, in ka buɗe shi sau da yawa za ka ga Code 10 ko Code 43. A nan sai ka danna shi da dama ka zaɓi Uninstall device, amma ka lura da kyau, akwai wani ɗan akwati da zai tambaye ka ko a goge direban gaba ɗaya, kar ka saka masa alama a karon farko, ka cire kawai ka yi Restart, Windows da kanta za ta sake ɗora shi. In ka goge shi alhali ba ka da intanet ba ka da kwafi, ka shiga wani hali. In kuma matsalar ta fara ne daidai bayan kwamfuta ta yi sabuntawa, shiga Properties, shafin Driver, ka danna Roll Back Driver in yana dannuwa, zai mayar da kai kan tsohon da ke aiki.

Na uku shi ne ka duba ka ga babu katin kwata-kwata. Kafin ka ce ya mutu ka kalli Other devices, in akwai wani abu mai suna Network Controller da alamar ruwan ɗorawa, katin yana nan da ransa direba ne babu, wannan yana yawan faruwa bayan an saka sabuwar Windows.

Tambayar da kowa ke yi a nan ita ce ta yaya zan sauke direba ba ni da intanet? Hanya mafi sauƙi ita ce ka haɗa wayar Android da laftop ta igiyar caji mai ɗaukar data, ka shiga saitin hotsifot na wayar ka kunna USB tethering, laftop za ta samu intanet ta igiya ba ruwanta da katin WiFi. Ko ka ja igiyar Ethernet daga rauta kai tsaye in laftop ɗin tana da ramin. Ko ka sauke a wata kwamfuta ka kwaso a filashi. Amma don Allah daga shafin kamfanin da ya ƙera laftop ɗin za ka sauke, ka juya bayanta ka kwafi ainihin lambar samfurin, ko daga shafin wanda ya yi katin kamar Intel. Manhajojin nan masu cewa za su gyara maka duk direbobi da dannawa ɗaya, ni ban yarda da su ba ko kaɗan, na sha ganin sun ɗora direban da ba na na'urar ba ko sun cika kwamfuta da tarkace.

Akwai kuma wani ma'aikaci a cikin Windows da in ya tsaya, ko katin da direban lafiyarsu ƙalau ba za ka ga WiFi ba. Windows da R, rubuta services.msc, gangara ƙasa ka nemo WLAN AutoConfig, ka tabbata an rubuta Running kuma Startup type ɗinsa Automatic ne. In a tsaye yake ka danna Start.

Yanzu ga wani yanayi mai rikita mutane: laftop tana ganin WiFi ɗin maƙwabta kaf amma naka ne kawai ba ta gani, ga shi wayarka tana ganinsa. A nan gizo ke saƙa. WiFi yana tafiya ne a zango fiye da ɗaya, akwai 2.4GHz akwai 5GHz, sababbi ma har da 6GHz, kuma tsofaffin katuna da yawa 2.4 kaɗai suke ji. Don ka tabbatar, danna Start ka rubuta cmd ka buɗe Command Prompt, a ciki ka rubuta netsh wlan show drivers, ka nemi layin Radio types supported. In abin da ke wurin 802.11b da g da n ne kawai, babu 802.11a babu ac babu ax, to katinka ba ya jin 5GHz, sai ka shiga saitin rautar ka kunna 2.4 ɗin. Hotsifot na waya ma haka ne, a Android akwai wurin zaɓen zango, a iPhone kuma ka kunna Maximize Compatibility sai ta koma 2.4. Wani dalilin kuma tasha ce, wato channel a saitin rauta: in rauta ta zauna a tasha ta 12 ko 13, katin da aka saita da dokar Amurka ba zai gan ta ba saboda can daga 1 zuwa 11 ake amfani da su, ka mayar da ita 1 ko 6 ko 11. Sannan wasu tsofaffin direbobin Intel ba sa ganin rauta mai Wi-Fi 6 sai an sabunta su, don haka in sabuwar rauta aka kawo matsalar ta fara, sabunta direba ka gani.

Cuta ta biyu: tana gani amma ta ƙi haɗuwa

Mafi yawan lokaci laftop ɗin tana riƙe da tsohon bayani ne, an canza kalmar sirri ko irin tsaro a rauta ita kuma tana ta ƙwanƙwasa ƙofa da tsohon mabuɗi. Ka sa ta manta: Settings, Network & internet, Wi-Fi, Manage known networks, ka zaɓi sunan ka danna Forget. Sai ka sake haɗawa kamar yau kuka fara haɗuwa.

Wajen rubuta kalmar sirrin ka danna ɗan hoton idon nan ka ga abin da kake rubutawa da idonka. Babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne, sifili da harafin O suna kama, ƙaramin l da lamba 1 da babban I su ma haka, kuma in an canza harshen allon rubutu, maɓallin @ da " suna musanya wuri tsakanin tsarin Amurka da na Ingila. Kalmar sirrin WPA ba ta kasa haruffa 8 kuma ba ta wuce 63, in wadda aka ba ka ba ta kai 8 ba to ba ita ba ce. In akwai wata kwamfutar Windows da ke kan WiFi ɗin, ka buɗe Command Prompt a kanta ka rubuta netsh wlan show profile name="sunan WiFi ɗin" key=clear, za ka ga kalmar a layin Key Content.

In ka tabbata kalmar daidai ce kuma har yanzu ta ƙi, sai ka shiga cikin rautar ta waya. Adireshinta yawanci 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, yana rubuce a takardar da ke manne a ƙasanta tare da sunan shiga. Duba irin tsaron. WPA2 tun 2004 yake kuma kusan kowace na'ura ta san shi, WPA3 kuwa a 2018 ya fito, tsohon kati ba ya gane shi, to in an saita rauta a WPA3 zalla tsohuwar laftop za ta ga sunan amma ba za ta shiga ba. Ka mayar da shi WPA2/WPA3 a haɗe, ko WPA2 mai AES. Kar ka sauka zuwa WEP ko ka bar shi a buɗe don kawai ta haɗu, WEP an daɗe da fasa shi. Kana ciki kuma ka duba MAC filtering, wato jerin na'urorin da aka yarda su shiga ko aka hana, wataƙila wani ya toshe laftop ɗin bisa kuskure, sannan ka duba iyakar yawan na'urori, ƙananan rautocin aljihu da hotsifot na waya suna da adadin da in ya cika ba sa karɓar kowa.

Cuta ta uku: ta haɗu amma babu intanet

Wannan ita ce ta fi buƙatar natsuwa, amma kuma ita ce ta fi daɗin bi saboda kwamfutar da kanta za ta faɗa maka inda hanya ta yanke in ka san yadda ake tambayarta.

Kafin komai, in WiFi na otal ne ko makaranta ko filin jirgi, yawanci akwai shafin da sai ka amince ko ka saka lamba kafin a sake ka. In bai fito da kansa ba, buɗe burauza ka rubuta neverssl.com, shafi ne da ba ya amfani da https don haka yana tilasta shafin shigar ya bayyana. Ka kashe VPN kafin nan in kana da shi.

In ba haka ba ne, buɗe Command Prompt ka rubuta ipconfig, ka gangara zuwa Wireless LAN adapter Wi-Fi. Layi biyu kake nema, IPv4 Address da Default Gateway. In adireshin ya fara da 192.168 ko 10, rauta ta ba ka lamba, da kyau. In kuwa ya fara da 169.254, to ma'anarsa laftop ta roƙi rauta ta ba ta adireshi ba a amsa mata ba sai ta laƙa wa kanta na jeka-na-yi-ka, kuma da wannan lambar ba inda za ta je. Sai ka rubuta ipconfig /release ka danna Enter, sannan ipconfig /renew. In ta sake dawowa 169.254, sake kunna rautar, ka kuma duba ko DHCP ɗinta a kunne yake, shi ne mai rabon adireshi.

Wani abin da na sha tararwa shi ne laftop ɗin da aka taɓa amfani da ita a wani ofis aka rubuta mata adireshi da hannu, ta dawo gida tana nan da shi. Koma ncpa.cpl, danna Wi-Fi da dama, Properties, ka buɗe Internet Protocol Version 4, ka tabbata an zaɓi Obtain an IP address automatically, haka na DNS ɗin ma. In kwamfutar wurin aiki ce ka rubuta lambobin da ka tarar kafin ka canza.

Yanzu gwajin ping, kashi uku, kuma a jere za ka yi su. Na farko ping sai lambar Default Gateway ɗin da ka gani, misali ping 192.168.1.1. In ka ga Reply from tare da lokaci, tsakaninka da rauta lafiya. In Request timed out ne, ko rautar ma ba ka kai ba, ka koma kan direba da sigina. Na biyu ping 8.8.8.8, wannan na'urar Google ce a waje, in ta amsa to intanet yana zuwa har cikin laftop ɗinka, in rauta ta amsa amma wannan ta ƙi, hanya ta yanke ne daga rauta zuwa waje. Na uku ping google.com. In lamba ta amsa amma suna ya ƙi, ka kama ɓarawon, DNS ne, wato tsarin da ke juya sunan shafi ya zama lamba, kamar littafin lambobin da ke wayarka, ka san sunan mutum amma lambar ta ɓace. Maganinsa ka rubuta ipconfig /flushdns, in bai isa ba ka koma wancan wurin na Version 4 ka zaɓi Use the following DNS server addresses ka saka 8.8.8.8 da 8.8.4.4 na Google, ko 1.1.1.1 na Cloudflare.

To in duk ukun sun amsa amma burauza ta ƙi buɗe shafi fa? Kalli agogon kwamfutar. Da gaske nake, kwanan wata da shekara. Shafukan https suna da takardar shaida mai wa'adi, in laftop tana ganin wata shekara ce ta baya sai ta ƙi yarda da su ta riƙa cewa haɗin ba shi da aminci. Gyara shi ka kunna Set time automatically, in kuma kullum ka kashe sai agogon ya koma baya, ɗan ƙaramin batirin da ke kan allon uwa, wato babban allon da ke cikin laftop (motherboard), ne ya mutu. Bayan agogo sai proxy, wato saitin da ke sa intanet ɗinka ya bi ta wata na'ura a tsakiya: Settings, Network & internet, Proxy, ka tabbata Use a proxy server a kashe yake in ba kai ka saka ba, wasu manhajojin ɓarna da wasu VPN suna barin sa a kunne ko bayan an cire su. VPN ɗin kansa in yana da abin da ake kira kill switch, yana toshe intanet gaba ɗaya duk lokacin da bai haɗu ba, ka buɗe shi ka kashe. Manhajar riga-kafin ƙwayar cuta wadda ba ta Windows ba ita ma takan toshe, ka dakatar da ita na ɗan lokaci don gwaji kawai, ka mayar nan take.

In har yanzu shiru, a wanke saitin sadarwar

Danna Start ka rubuta cmd, ka danna shi da dama ka zaɓi Run as administrator, in ba haka ba umarnin ba zai yi aiki ba. Rubuta netsh winsock reset ka danna Enter, sannan netsh int ip reset, sai Restart. In wannan bai yi ba akwai babbar wanka, Network reset. A Windows 11 yana Settings, Network & internet, Advanced network settings, a Windows 10 kuma yana ƙasan shafin Status. Yana cire duk katunan sadarwa ya sake ɗora su, kwamfutar za ta sake tashi da kanta bayan minti 5, hotunanka da fayilolinka ba abin da zai same su, amma duk kalmomin sirrin WiFi da ta haddace za su tafi kuma wataƙila sai ka sake saita VPN, don haka ka tanadi kalmar sirrin a hannu kafin ka danna. Na ajiye shi a nan ƙarshe ne da gangan, domin in ka fara da shi ya yi aiki ba ka san abin da ya lalace ba, gobe ya dawo ka rasa ta inda za ka kama.

Mai haɗuwa tana yankewa

Wannan ciwon daban ne, kuma abu na farko da nake dubawa shi ne tsimin batir. A Device Manager buɗe katin WiFi, in akwai shafin Power Management ka cire alamar da ke kan Allow the computer to turn off this device to save power, musamman in ka lura bayan laftop ta yi barci ta farka ne WiFi ke ɓacewa. Sai nisa: 5GHz ya fi gudu amma ba ya ratsa bango sosai, 2.4 ya fi zuwa nesa amma cunkoso ya yi masa yawa, Bluetooth a nan yake, na'urar ɗumama abinci ta microwave ma a kusa da wannan zangon take aiki. Ɗauki laftop ɗin ka je gaban rautar ka zauna, in ta daina yankewa ka san nisa ne ko bango, ka ɗaga rautar sama a fili, kar a ɓoye ta bayan talabijin ko cikin kabad.

In kuwa kana gaban rauta wayarka ta cika sanda amma laftop sanda ɗaya take nunawa, ina zargin eriya. Eriyar laftop a cikin murfin allo take, siraran wayoyi ne suke bi ta maƙalar da ake buɗewa da rufewa su sauko kan katin, to in an taɓa canza allo ko an buɗe ta don gyara ko maƙalar ta karye, suna iya cirewa ko tsinkewa.

Masu Mac, hanyar tunanin ɗaya ce sunaye ne suka bambanta: riƙe maɓallin Option ka danna alamar WiFi a sama za ka ga adireshi da ƙarfin sigina da Open Wireless Diagnostics, kuma a saitin WiFi ƙarƙashin TCP/IP akwai Renew DHCP Lease. Masu Linux ku rubuta rfkill list, in an ce Soft blocked yes sai rfkill unblock wifi, in Hard blocked ne to makunni ne na zahiri ko maɓallin Fn ko BIOS, wato saitin tushe na laftop da ake shiga tun kafin ta gama tashi.

BIOS ɗin nan ma masu Windows su leƙa shi in katin ya ƙi bayyana a Device Manager ko ta wane hali, a wasu laftop akwai wurin kashe Wireless ko WLAN a can, ana shiga ne da F2 ko F10 ko Del lokacin da take tashi, ka duba wannan layin kaɗai kar ka taɓa sauran. In a kunne yake kuma har yanzu babu katin, ka kashe laftop ɗin ka zare caja ka danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30 sannan ka kunna, wani lokacin katin yana maƙalewa ne sai an zuƙe ragowar wutar yake dawowa. In duk an yi wannan bai fito ba to katin ne ya saki ko ya mutu, kuma ko a nan ba a goge Windows. A laftop da yawa ɗan ƙaramin kati ne mai shiga ramin M.2 da dunƙule ɗaya da wayoyin eriya biyu, mai gyara zai iya cire shi ya goge ya mayar ko ya canza wani, a wasu sirara kuma a like yake da allon uwa ba ya ciruwa. In naka irin na liken ne, ko ba ka son a buɗe ta, ka nemi ɗan adaftan WiFi na USB, ka tabbata an rubuta yana ɗaukar 2.4 da 5GHz duka kuma yana da direban da ya dace da Windows ɗin da kake kai, ka soka shi, ka koma Device Manager ka yi wa tsohon katin Disable in yana nunawa don kar su riƙa karo da sabon.